Asabar a Bakin Taɓo

Shekarar da aurena ya mutu, kotu ta ce yara su riƙa zuwa wurin babansu duk ƙarshen mako. Da yammacin Juma'a zai tsaya da mota a ƙasan benen da muke zaune a unguwar Plumstead, ba ya hawowa. Su sauka da jakunkunansu, ni kuma in koma kicin in zauna. Ban yi kuka ba. Wani lokaci sai in tarar shayin da na haɗa ya huce, ban taɓa shi ba, kuma ban san me na yi da lokacin ba.

Maƙwabciyata 'yar Gana ce, daga zangon Kumasi. Ta girme ni sosai, Anti nake ce mata. Aikin kula da tsofaffi take yi. Wata Asabar ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta same ni da kayan barci har azahar ta kusa. Ta dube ni, ta dubi kwanukan da ke jibge.

"Tashi ka sa takalmi mai ƙarfi," in ji ta. Hausarsu haka take, mace ma "ka" ake ce mata. "Za mu je kallon tsuntsu."

Ban tambayi dalili ba. Ƙin zuwa ma sai da ƙarfi, ni kuwa ba ni da shi.

A jirgin ƙasa ta ba ni labari. Wani tsohon Bature da ta yi jinya ne ya saba mata da wurin. Tana tura shi a keken guragu har bakin ruwa, shi yana kallo, ita tana jin sanyi. Da ya rasu, 'yarsa ta ba ta madubin hangen nesansa, sai ta ci gaba da zuwa ita kaɗai.

Wurin fadama ce da aka keɓe wa tsuntsaye, can gabas inda kogin Thames ke shiga teku. Ruwa ya janye, ba abin da ake gani sai taɓo mai launin toka, da hayaƙin wata masana'anta a ƙetare. Muka shiga wani ɗakin katako mai dogayen tagogi ƙanana. Mutanen ciki duk sun yi shiru, kowa da hular sanyi. Anti ta miƙo mini madubin. Na ga agwagi, na ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, na ga wasu 'yan ƙanana masu dogon baki suna caccakar laka. Ta ce daga ƙasashen ƙanƙara suke zuwa cin rani. Na ce to.

Can wani dattijo kusa da ni ya taɓa hannun rigata, yana raɗa. Ya matsa mini in leƙa ta babban madubinsa. Wata dabbar ruwa ce kwance a kan taɓo, mai kai kamar na kare, ba ƙafafu, jikinta sumul kamar buhun da aka cika. Ta ɗaga kai, ta yi hamma, ta sake kwanciya. Dattijon yana kallon fuskata yana jira, sai na ce masa ta yi kyau, na gode.

Wayata ta yi motsi a aljihu. Babbar 'yata ce ta turo hotonsu a gidan cin abinci, suna dariya. Na amsa mata da Hausa, ta maido da Turanci kamar kullum. Anti ta gani. Ta buɗe robar shinkafa da wake, ta ba ni cokali.

Haka muka yi ta zuwa har sanyi ya yi nisa. Daga baya aka canza mata ranakun aiki, Asabar ta daina samu. Na ɗauka shi ke nan, amma sai ta bar mini madubin a bakin ƙofa cikin leda. Na tafi ni kaɗai.

Ban koyi sunayen tsuntsayen ba, ko da yake ga hotunansu manne a bango. Zama kawai nake yi, har ruwa ya dawo ya rufe taɓon, in tashi. Wata rana wata mata ta shigo da sabuwar rigar ruwa, ta nuna wani farin tsuntsu, ta tambaye ni sunansa. Na ce ban sani ba. Na matsa mata a benci, ta zauna, muka ci gaba da kallo.