Anti Sannu-sannu ta Ajin Ƙanana

Kafin mai shara ya gama da farfajiyar makaranta ta riga ta shiga ajin ƙanana. Fankar nan mai ƙara take fara kashewa, ta buɗe tagogi. Sai ta durƙusa, da "wash" a bakinta, ta bi ƙafafun kujeru tana ƙara ɗaure tsummokaran da ta naɗa musu, domin kujera ɗaya in ta yi ƙiii a kan siminti, akwai yaron da wuninsa ya lalace ke nan. Ta shimfiɗa tabarma a kusurwar da rana ba ta kaiwa, ta zauna ta jira. Yara na kiran ta Anti Sannu-sannu, don ba wanda ya taɓa jin ta ce masa ya yi sauri.

Ba malama ba ce. Tela ce, kuma da can ɗinkinta sai an yi layi. Ɗanta ne ya kawo ta nan.

Tun yana ƙarami ta lura in an kira shi ba ya waiwayowa. Sai ya wuni yana jera murafen kwalba, in aka taɓa guda ya yi ta buga kansa da ƙasa. Surukarta ta ce shagwaɓa ce, ai ubansa ma bai yi magana da wuri ba. Maƙwabciya ta ce iska ce. Wata kuwa, ba kunya, ta tambaye ta ko akwai abin da ta ci lokacin tana da cikinsa. Da ita da maigidanta suka gaji da yawon neman magani, likita ya gaya musu sunan abin, otizim, wanda wasu ke ce wa galahanga.

"Akwai maganinsa?" ta tambaya.

"Ba allura, ba ƙwaya. Koyarwa ce da haƙuri."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Likita, haƙurin a wane kanti ake sayar da shi? Nawa ya kusa ƙarewa."

Makarantu suka yi ta maido mata da shi. Shugabar wannan makarantar ce kaɗai ta ce za ta karɓe shi, in akwai mai zama kusa da shi har a tashi. Da ta gaya wa maigidanta, wanda direban babbar mota ne, sai ya dubi keken ɗinkinta ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Keke ba ya kuka in na bar shi."

Ta rufe shi da zane. Shekaru ta yi a kan kujerar yara, gwiwa na taɓa haɓa, tana riƙe hannun ɗanta a kan fensir. Ta koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi, don kada a ga shaidar haƙoransa a damtsenta. Ya koyi cewa "ruwa", ya koyi cewa "a'a". "Mama" kam bai faɗa ba. In yana son ta, sai ya kamo tafinta ya ɗora a kansa, ita kuma ta ce ta ji.

Da ya wuce ajin ƙanana sai ga wata uwa ta kawo 'yarta, idonta ya yi zuru-zuru don rashin barci. Anti ta dube ta, ta ga kanta. Ta ce wa shugaba za ta ƙara zango ɗaya. Zangon nan ne bai ƙare ba sai bana.

Mai gadi ba ya gajiya da ba da labarin wata safiya. Wani matashin uba ya kawo ɗansa, wata mota ta danna hon, yaron ya zube a bakin ƙofa yana ihu yana birgima. Jama'a suka taru, kowa da hikimarsa.

"Ka tsula masa bulala mana!"

"Ai ku iyayen zamani ku ke ɓata su."

Uban ya tsaya da jakar yaron a hannu, gumi na zuba, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Anti ta fito, ta ware mayafinta ta kare yaron daga idanun mutane, ta ce, "Bayin Allah, ba wasa ake ba. Kowa ya kama gabansa." Ta zauna a ƙasa kusa da yaron, ba ta taɓa shi ba, har kukan ya koma ajiyar zuciya. Sannan ta ɗaga kai ta dubi uban.

"Ƙanena, ka karya kuwa?"

Ya girgiza kai. "Anti, wallahi na gaji. Jiya har na ɗaga masa hannu."

"Ka sauke?"

"Na sauke."

"To ka yi ƙoƙari. Ni ma na gaji, kuma na riga ka farawa. Je ka ci abinci, yana hannuna."

Mai gadi ya ce mutumin ya zagaya bayan katanga ya yi kuka kamar yaro, sannan ya tafi aiki.

Yanzu bayanta ya ƙi. Likita ya hana ta durƙuso, ga ɗanta ya fi ta tsawo, in ransa ya ɓaci ba ta iya riƙe shi ita kaɗai. Kawunsa kafinta ya ba shi goge katako, aikin da yake so ƙwarai, amma sai tana zaune inda zai hango ta. Ranar da ta gaya wa shugaba za ta ajiye aiki, ta ce, "Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona ya farka ya neme ni, a rasa mai fahimtar abin da yake cewa."

Anti Sannu-sannu, inuwar da ba ta tambayar ɗan wane. Ke ce kika sha cizo kika rufe da hannun riga. Ke ce kika hana a yi kallon 'ya'yanmu kamar abin nishaɗi. Ba ki taɓa yi mana alkawarin za su warke ba, ba ki kuma taɓa cewa ba za su iya ba. Mun ga gajiyarki, ko da yake mun daɗe muna yi kamar ba mu gani ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki shi, ya haɗa shi da masu tausayi a bayanki.

Ku kuma jama'a, akwai gida mai irin wannan yaro a layinku, kun ma san shi. Kada ku kai shawara, sun sha ta har ta ishe su. Ku yi sallama, ku koyi abin da yaron ke so da abin da ke firgita shi, ku zauna da shi na ɗan lokaci, ku ce wa uwar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi barci.