Birai Masu Ganga da Akwatin da Na Riƙe wa Isiyaku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Isiyaku makwancinsa, kuma kusan duk tsawon shekarun nan akwatinsa na ƙarfe yana ƙarƙashin matakalar gidana a Garki, na lulluɓe shi da tsohuwar darduma don kada idona ya riƙa sauka a kansa. Littattafan aikinsa ne a ciki, na shekarun da ya yi yana bin manyan birai a dajin Gashaka. Matarsa, Hajiya Rabi, ita ta ba ni shi bayan ta fita takaba. Ta ce ni ne amininsa, ni ne kuma na san inda za a kai takardun su yi amfani. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, sannan ban kai su ko'ina ba. Na san an saba buɗe irin wannan rubutu da yabon mamaci. Ni da abin kunyata zan buɗe, don na gaji da dakonsa.

Kishin Isiyaku nake yi. Na yi shi yana raye, na ci gaba bayan ya mutu, kuma ba zan rantse cewa ya sake ni yau ba.

Tare muka karanci gandun daji, ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Tare aka ɗauke mu aikin gwamnatin tarayya. Da aka zo rabon wuraren aiki, gurbi ɗaya ne a hedikwata a Abuja, sauran duk daji. Na yi kamun ƙafa ta wajen wani kawuna, na samu gurbin, shi kuma aka tura shi Taraba. Ranar tafiyarsa har tausayinsa na ji. Na raka shi tasha ina ta ba shi haƙuri, ina cewa zan nema masa canji. Ya yi dariya ya ce, "To, Oga Abuja, sai mun ji daga gare ka." Sunan ya bi ni tun daga ranar. Ni kuma na laƙaba masa Sarkin Birai don in ƙular da shi, sai ya karɓa da hannu biyu.

Ban taɓa nema masa canjin ba, shi ma bai taɓa tuna mini ba. Da ya zo hutun farko ya rame, ya yi baƙi, ƙafarsa duk tabon cizon ƙwari. Ni kuwa na fara ajiye tumbi, ga mota, ga ofis mai sanyi. A lissafina ni na ci. Amma a falona, a kan kujeruna, da abincin gidana a gabansa, sai baƙina su juya mini baya su zagaye shi. Mutanen da suka zo neman alfarma a wurina sai su manta abin da ya kawo su. Ko uwargidana, wadda ba ta taɓa tambayata abin da na yi a ofis ba, sai ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana saurare har miya ta kama.

Abin da yake ba su labari bai wuce birai ba. Ba ya son a haɗa su duka a kira su biri kawai. Yakan ce jan birin da ke ɓarna a gona da bika masu wutsiya ne, danginsu daban. Nasa su ne manyan, marasa wutsiya, kuma su ma kowane da irin zamansa. Akwai wanda mutanen wajen Gashaka ke kira biri mai ganga, saboda namijin yakan doki faffaɗan saiwar bishiya da hannu da ƙafa har a ji daga nesa. Akwai gorila na duwatsun Kuros Riba, wanda babban namijin bayansa kan yi furfura, ga ƙarfi amma ga gudun mutane. Akwai wani ɗan'uwan mai ganga a can kudancin kogin Kwango, inda mata ke da ta cewa a garke. Idan ya zo nan sai ya kalli uwargidana ya ce ita ta san zancen. Akwai kuma wani ja a tsibiran Asiya, wanda ke yawonsa shi kaɗai a saman bishiyoyi, uwar ta yi shekaru tana ɗauke da ɗa guda. Waɗannan na ƙetare a littafi ya san su, yadda ni ma na san su. Bambancin shi ne idan shi ya faɗa sai ka ga kamar maƙwabtansa ne, ni kuwa idan na faɗa sai a fara duba agogo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin nasa ba wani abin a zo a gani ba ne. Masu ganga ba sa tsayawa a kalle su. Yawancin kwanakinsa sheƙa yake ƙirgawa. Kowace yamma biri yakan lanƙwasa rassa a saman bishiya ya yi wa kansa shimfiɗa, ya kwana, gari na wayewa ya bar ta, gobe kuma ya yi sabuwa. Isiyaku sai ya bi ƙasa da littafi, wuyansa a ɗage, yana rubuta wace bishiya ce, tsayinta nawa, ganyen ɗanye ne ko ya bushe. Yana tsintar tsinkayen da suke zurawa a ramin kwarkwasa ko na zuma, ya ɗaura wa kowane takarda. Har kashinsu yakan tona ya ga abin da suka ci. Sai ya yi wata guda bai ga ko bayan ɗaya ba. Mutumin da ke tonon kashin biri, shi nake wa hassada, ni da ake buɗe wa ƙofar mota.

Sau ɗaya na je wurinsa, da sunan duba aiki. Na sauka a Serti, garin da ke bakin dajin, da takalmin ofis. Muka yi tafiyar rabin yini a ƙasa har bakin wani kogi da damina ta cika, ya ce sai mun tsallaka, ruwan iya ƙirji ne kawai. Na dubi ruwan, na ce ina da taro a Abuja jibi. Muna tsaye a wurin sai ga wani sauti daga cikin kurmin da ke tsallake, dum-dum-dum, da ihu a bayansa. Isiyaku ya riƙe hannuna, fuskarsa ta yi wani haske, ya ce, "Ka ji su? Lawal, awa biyu kawai." Na ce wani jiƙon. Gangar na ji, mai gangar ban taɓa ganinsa a daji ba, har yau da nake wannan rubutu.

Bayan nan ne ya aiko mini da wata wasiƙa. Ya ce ruwa ya kama shi a kurmi, ya fake a gindin wani dutse, sai ya ɗaga kai ya ga wata uwa cikin masu ganga da jaririnta a kan bishiyar ɓaure, kusa da shi sosai. Ta sunkuya ta rufe ɗan da jikinta, ruwan yana sauka a bayanta, ba ta motsa ba har aka ɗauke. Shi ma bai motsa ba, ga kwarkwasa na cizonsa. Da ruwan ya tsaya ta dubi ƙasa suka haɗa ido, ta ci gaba da cin ɓaurenta. Ya ce ranar ce ya san bai ɓata rayuwarsa ba. Na karanta wasiƙar a ofis, na jefa ta cikin durowa, ban ci abincin rana ba.

Wata biyu bayan haka aka sa ni jawabi a wani babban taro a otal, da baƙi daga ƙasashen waje. Na zo tsakiyar takardata na ga mutane suna hamma. Sai kawai bakina ya ce, "Wata rana ruwa ya kama ni a kurmin Gashaka." Ɗakin ya yi tsit. Na ba da labarin kaf, har da kwarkwasar. Abu ɗaya na canza ba da sanina ba: na ce bishiyar ɗorawa ce, don ita ce bishiyar da na taso na gani a gonar mahaifina. Aka tafa mini a tsaye. Aka buga jawabin a mujallar ofis, da hotona. Daga nan labarin ya zama nawa, na ba da shi a taruka ban san iyaka ba. Isiyaku ya ci gaba da zuwa hutu gidana, yana cin tuwona, yana kirana Oga Abuja, bai taɓa cewa komai ba. Na ɗauka mujallar ba ta kai daji.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Da akwatin ya zo hannuna, na buɗe shi da niyya mai kyau, Allah ne shaida. Littafi na bakwai da na ɗaga, sai ga shafin mujallar nan an yanke shi da kyau an manna, ga hotona da babbar riga. A gefe, da ƙaramin rubutunsa na fensir, ya sa: "Lawal ya ba da shi da kyau, sun ji. Amma ɓaure ne, ba ɗorawa ba. A gyara masa." Shi ke nan. Babu zagi, babu Allah ya isa. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Na sace masa ranar da ta fi kowace daraja a rayuwarsa, shi kuma abin da ya dame shi sunan bishiya ne. Ko fushinsa ban isa in samu ba. Na rufe akwatin na jawo darduma.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ana ɗaure kyamara a jikin bishiya a tafi, ta ɗauko hoton gorilan da shi ya je Kuros Riba ya bi sawunsa bai ga komai ba sai shimfiɗa. Ina jin zai yi murna, sannan ya tambaya ko mai kyamarar ya san warin sheƙar jiya. A wayoyinmu ana ta tura bidiyon ɗan biri an sa masa riga da hula ana dariya. Shi da ya gani tambayarsa ɗaya ce, ina uwar, don ya sha faɗa mana uwa ba ta sakin ɗanta tana da rai. Da zai ga manyan motoci suna wucewa da gungumen katako, da buhunan gawayi jibge a bakin titi, ba na jin zai yi dogon jawabi irin nawa. Zai ɗauki littafinsa ne ya koma ƙirgen abin da ya rage. Abuja ta cinye dazuzzukan da muka tarar a gefenta, ni ma na yi ritaya, waɗanda suka tafa mini babu wanda ke kiran wayata.

Watan jiya 'yarsa Halima ta zo gaishe ni. Tana goye a baya lokacin da aka fara buga jawabin nan; yanzu tana karatun digiri na biyu, kuma kan masu ganga take bincike. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, Umma ta ce littattafan Abba suna wajenka. Malamaina sun ce babu wanda ya rubuta inda sheƙun suke a waɗancan shekarun sai shi. Idan babu su ba za mu san abin da aka rasa ba." Na ce mata ana kan aiki a kansu. Ta ce to, Allah ya ƙara girma. Ba ta yi musu ba, irin ubanta, kuma hakan ya fi musu ciwo.

Na yi kwana uku ina zagaya akwatin. Na ɗauko reza, na buɗe littafi na bakwai. Shafi ɗaya ne, ba wanda zai sani. Amma a bayan shafin akwai ƙirgen sheƙa na kwana biyu, da sunayen bishiyoyi da na rafuka. Idan na yanke kunyata, na yanke masa kwana biyu na tafiya a ƙasa. Na riga na ɗauke masa rana ɗaya, ban iya ƙara biyu a kai ba.

Ranar Asabar na sa akwatin a bayan mota, na bi cunkoson Nyanya har Mararaba, inda Hajiya Rabi ta koma da zama. Da ta ga akwatin ta ce Allah ya saka da alheri, abin da ban cancanta ba. Halima ta shimfiɗa tabarma ta fara jera littattafan. Ban jira ta tsinta da kanta ba, na ciro na bakwai na buɗe mata. Ta karanta mujallar, ta karanta fensirin, ta sake karantawa. Na shirya wa kuka ko baƙar magana. Sai ta ɗago ta ce, "To Baba, an gyara?"

Na ce ba a gyara ba tukuna.

Idan na auna abin da ya rage na Isiyaku, bai bar gida a Abuja ba, bai kai darakta ba, babu ɗakin taron da aka sa wa sunansa. Ya bar akwati guda na gaskiya, kowane layi abin da idonsa ya gani ne, da 'ya wadda za ta tsallaka kogin da na tsaya a bakinsa. Wannan ma ina kishinsa, ba zan ɓoye ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini, ya cire mini abin nan daga zuciya kafin mu haɗu.

Saura aikin da ya bari a gefen shafi. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin taro ya ji Lawal yana ba da labarin uwa da jaririnta a cikin ruwan sama, ya taimaka ya gyara a ransa. Ɓaure ne, ba ɗorawa ba. Kuma wanda ya tsaya a ƙarƙashinta kwarkwasa na cizonsa, sunansa Isiyaku.