Malam Khalilu da Kwamfutocinsa Uku

Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da ka rubuta wa kwamfuta ɗaya, kowace ma za ta gane shi. Ni ma haka na ɗauka, ina malamar lissafi, har sai da na zauna a ajinka, Malam Khalilu. Yau kuma ga ni ina rubuta ta'aziyyarka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ranka ranar Laraba, sha huɗu ga Agusta, 2024, a gidanku da ke gefen Tofa, bayan zazzaɓin da muka ɗauka na damina ne kawai.

Tsofaffin kwamfutoci uku ka tara a ɗakin da ke jikin makarantarmu, biyu masu tsarin Linux, ta uku mai tsarin Windows. Ka koya mana cewa idan manhaja za ta buɗe fayil ko ta yi rubutu a cikinsa, sai ta roƙi tsarin da ke tafiyar da na'urar, kuma kowane tsari da sunan da yake amsawa. Ɗalibarmu Sauda ta haɗa manhajar da ke tuna wa manomi lokacin zuba taki. Ta yi aiki a na'ura ta farko, a ta uku ko motsi. Mahaifinta ya zo da zafinsa: "Malam, ko dai mai kyaun ka ware wa 'ya'yan masu hali?" Ka ce, "Baba, zauna ka gani."

Daga nan ka tsayar mana da sunaye huɗu: buɗe, karanta, rubuta, rufe. Ka gina ɗan abin da ke miƙa kowanne ga tsarin da ya dace, yara suka huta da haddar sunaye iri-iri. Ba ka yarda a ƙara sabon suna sai an gwada shi a duka ukun. Da fetur ɗin janareta ya gagare mu, batirin sola ba ya ɗaukar su tare, sai ka riƙa kunna su bi da bi. Yara su ƙosa su ce, "Malam, ai ta yi a biyu." Ka ce, "Ta ukun fa, rantsuwa ta yi muku?"

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Ranar addu'ar uku wani Dabo ya zo, ya ce abokinka ne tun zamanka a Dawanau. Ban taɓa jin ka ambace shi ba. Wai na'urorin ba sa jituwa, zai kai su birni ya sa musu tsari ɗaya ya dawo da su. Ya juya bayansu yana dubawa, bai kunna ko ɗaya ba. Har makullin ɗakin ya aika a tambayi matarka Barira, tana cikin takabarka. Ranar Asabar kwamitin iyaye zai yanke, kuma na ji wasu sun fara karkata gare shi. Allah Ya yafe mini idan na yi masa mummunan zato, amma idan suka fita ƙofar nan ban ga ranar dawowarsu ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Barira da yara da ɗan'uwanka Nababa, Allah Ya ba ku haƙuri.

Iyaye kuwa, kada ku yarda da maganata, kada ku yarda da tasa. Makullin yana hannuna. Ku zo da hantsi idan batir ya cika, kowa ya rubuta sunan gonarsa a na'ura ta farko, a kwafi fayil ɗin zuwa ta uku, ya je ya karanta da idonsa ya ga ko ba sa jituwa, sannan ku yanke.