Yadda Na Ba da Riƙon Auta ta Waya

A aji huɗu na bar firamaren Babura na bi mahaifina kasuwar hatsi. Don haka in ana maganar boko ina da ta cewa, tunda na san ƙofar shiga, na kuma san ta fita.

Shekarar da 'yar autata ta gama digiri, ta zo min da takarda, wai an ba ta gurbi a wani gidan ɗalibai a ƙasar Turawa. Ta ce ba za ta amsa musu ba sai na yarda, kuma in Juma'a ta wuce ba su ji daga gare ta ba, wani za a ba. Na ce ta ba ni tarihin gidan tukuna, don ko tunkiya ba na saya sai na ji garken da ta fito.

Ta ce tun zamanin kakanni, bayan Turawa sun gwabza yaƙi a tsakaninsu, wasu suka gina gida kusa da wata jami'a, suka ce 'ya'yan ƙasashen da suka yi faɗa su zo su zauna tare, su ci daga tukunya ɗaya. Aka gina na biyu a wata ƙasa, aka gina na uku, har abin ya yi rassa ya tsallaka teku. Yanzu kowane gida yana saukar ɗalibin ɗan'uwansa.

"Dakata," na ce. "Wanda ubansa ya harbi ubanka, da shi za ka ci abinci? Mutanen da ke jera wuƙaƙe a kan tebur?"

"Baba, har yau dai ba a yanka kowa ba."

Na ce to, wannan ai riƙo ne, riƙo kuwa ba a ba da shi ta takarda. Da aka kai ni Roni wajen kawuna koyon awo, mahaifina da ƙafarsa ya je. Aka gaisa, aka kira shaida, ya kama hannuna ya sa a na kawu, ya ce in na karkace a miƙar da ni. Saboda haka sai na ga maigidan nan ido da ido na damƙa masa ita, ko kuwa ba inda za ta.

Ta shirya mana magana ta wayar da ake ganin mutum, ranar Alhamis bayan la'asar. Na sa babbar riga, na kafa hula, na yi wanka da turare, sai daga baya na tuna waya ba ta kai ƙamshi. Na aika Kazaure aka ɗauko min abokina ya zama shaida, wani Babarbare tsohon masinjan ƙaramar hukuma, mai cika bakin yana jin Turanci.

"Kai Bafulatani," ya ce, "shanu kawai ka iya magana da su. Bar ni da Bature."

Wayar ta buɗe. Sai ga wani tsoho mai sanƙo, ya ɗaura ƙyalle a ƙirji, ludayi a hannu, tururi na tashi a bayansa. Na ɗaga masa hannu na ce, "Auta, gaya wa kukun nan sannu da aiki, ya kira mana maigidansa."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, shi ne shugaban gidan. Farfesa ne."

"Wane ne farfesa?"

"Shi. Yau layinsa ne na girki. Kowa a gidan yana da ranarsa."

Innalillahi! Na dubi Babarbare, na ga bakinsa a buɗe, Turancin ya gudu ya bar shi. Ni da na ga shugaban makarantarmu ana riƙe masa keke kafin ya hau, yau ga farfesa yana juya miya.

Na daure muka gaisa, Auta na fassara. Na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi damina, ya amsa duka yana murmushi. Sannan na ce, in yarinya ta yi laifi a gidan, wa ke tsawatar mata? Ya ce ɗaliban ne ke zama su tattauna, shi ma kujera ɗaya gare shi a cikinsu. Na ce wa abokina ya riƙe ni kada in faɗi.

Duk da haka na gyara murya, na kama hannunta na ɗaga saitin wayar, na ce ga amana na ba shi, ga shaida. Ta fassara. Ya ajiye ludayin, ya daina murmushi, ya yi magana mai ɗan tsawo.

Auta ta juyo gare ni ta ce, "Baba, ya ce ya gode da girmamawa, amma ba zai karɓa ba. In na yi ciwo zai kai ni asibiti, in na shiga damuwa ƙofarsa a buɗe take. Amma wai ni babba ce, a gidansu kowa shi ke riƙe da kansa."

Tunda nake ban taɓa jin an miƙa wa mutum amana ya ce a'a ba. Auta ta san za ta iya juya maganar ta ce min ya karɓa, ba wanda zai gane, balle wannan Babarbaren. Ba ta juya ba. Hannunta na cikin nawa, idonta ya cika da ƙwalla, don ta riga ta ɗauka tafiyar ta fasu.

Na daɗe ina kallon hannun. Sai na kama na damanta na ɗora a kan na hagunta, na haɗa su na danne.

"Ga ta nan na ba ki," na ce. "In ta karkace ki miƙar da ita."

Na juya wajen abokina. "Kai kuma me aka ɗauko ka yi?"

Ya share ido da bakin rigarsa. "Na shaida, Bafulatani. Na shaida."

"To aika musu," na ce mata. "Yi maza, kafin hankalina ya dawo jikina."