Matar da ta mayar wa ɗana injinsa sau uku

Ɗana ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya. Ya bar kamfani mai ma'aikata goma sha huɗu, suna ƙera ƙaramin inji mai batir da ake ɗaura wa keken ɗinki, don tela ya huta da taka feda. Shekara ashirin da takwas na yi ina koyarwa a jami'a, amma ban san komai game da wannan sana'a ba. Da lauya ya ce kason marigayi ya dawo hannuna, sai na fara zuwa ofishin, ina zama a kujerar bakin ƙofa.

A nan na san matar da suke kira Uwar Ƙorafi.

Tela ce, gajeruwa, ta haura hamsin, da tabarau rataye da zare a wuya. Mijinta ya rasu yaransu huɗu suna ƙanana. Da keke ɗaya ta raine su, tana ɗinka kayan makaranta da labule. Tana cikin mutum goman farko da suka sayi injin, kuma sau uku tana mayar da shi. A karo na uku ta dire shi a kan teburin ɗana ta ce, "Yaro, ka taɓa ɗinka ko aljihu kuwa?" Ya ce a'a. Ta ce, "Ai ga alama." Kafin ta kai bakin titi ya bi ta ya ba ta aiki. Tun daga ranar, ba a ɗaukar injiniya, komai digirinsa, sai ya yi kwana uku a kan keke a gabanta ya ɗinka wando. Wanda gyaranta ya ɓata wa rai ba ya dawowa, ba a kuma nemansa.

Wata biyu bayan rasuwar, masu zuba jari suka ce za su zo. Sun yi wa ɗana alkawarin kuɗi, yanzu suna so su ga ko akwai abin da ya rage bayan shi. In suka janye, kamfanin ba zai ga ƙarshen shekara ba.

Injiniya, abokin ɗana da ke riƙe da aikin, ya sa aka goge injin fes, ya zaɓo yadi mai laushi. Ya juya ga Uwar Ƙorafi, wadda a gabanta Inna suke ce mata.

"Inna, don Allah layi ɗaya za ki ɗinka, miƙaƙƙe, ki yi murmushi. Shi ke nan."

"Murmushin kuma ba ya cikin albashina," in ji ta.

Baƙin su biyu ne, mace da namiji. Inna ta ɗinka layin, suka gyaɗa kai. Sai ta sunkuya ta zaro tamfol daga jakarta, irin wanda ake jakar makaranta da shi, ta ninka shi huɗu ta tura ƙarƙashin allura. Na ga Injiniya ya runtse ido. Injin ya yi gurnani, ya ɗan ja, ya tsaya cak. Ƙaurin waya ya cika ɗakin.

"Nan yake mutuwa," ta ce. "Marigayi ya sani, wata shida muka yi a kai bai gama ba. Masu riga da labule sun gamsu. Masu jaka kuwa kullum suna tare ni a hanya, ni kuma ba zan kai musu abin da zai ba ni kunya ba."

Namijin ya ce, "Mama, kin dai san kuɗi muka zo mu duba ko za mu zuba?"

"Shi ya sa, ɗana. Gara ku shaƙi ƙaurin yau, kuɗinku na aljihunku."

Baƙuwar ta tambayi Injiniya ko abin zai gyaru. Ya tashi zuwa allo. Minti ashirin yana zane yana bayanin inda zafin yake taruwa. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin jana'iza. Sau biyu Inna ta katse shi, sau biyun ya goge ya gyara.

Daga nan baƙuwar ta juyo gare ni. "Baba, wa zai ja ragamar kamfanin?"

Na zo da jawabi mai shafi uku a aljihu. Ban fito da shi ba. Na ce Injiniya ne, da sharaɗin babu injin da zai fita ƙofar nan sai wannan baiwar Allah, Inna, ta yarda.

Bayan mako biyu suka rubuto. Za su ba da rabi yanzu, sauran ranar da injin ya ɗinka tamfol ninki huɗu. Babu wanda za a sallama.

Ni na kai wa Inna labarin. Na same ta a kan keke, tana warware wandon wani sabon mai neman aiki, shi kuwa yana tsaye yana gumi.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Baban Oga, ɗan matsa, ka tare mini haske."