Hular da ke kan Sajan

A makarantar horar da 'yan sanda, kowa ya san Sajan da kaifin ido. Maɓalli ɗaya ya karkace a rigar kurtu, tun daga ƙarshen fili za ta hango shi. Kurata na cewa ko ƙuda bai isa ya sauka a kakinta ba sai ya nemi izini. Abin da ba su sani ba shi ne, shekara goma sha shida ke nan ba ta taɓa ɗora hula a kanta ba tare da gabanta ya faɗi ba.

A wannan makarantar aka horar da ita. Ta zo 'yar siririya, da ƙyar ta haye ma'aunin tsawo, gudu kuwa sai addu'a. Gadon da ke sama da nata na wata ce da ake kira 'Yar Tela, wadda ta girme ta da shekara uku, ga ƙarfi ga baki. Ita ta koya mata goge takalmi da ɗaure bel, ita ke rage mata kaki da allura. Har Sajan ta koma kiran ta Yaya.

Dokar wurin ba ta da wasa: gargaɗi uku, ka haɗa kayanka. 'Yar Tela tana da biyu. Na farko bakinta ya jawo mata. Na biyu kuwa ranar gudun kilomita goma ne, da ta bar layi ta koma baya ta ɗago ƙanwar tata da ta zube a hanya.

Saura mako uku a yaye su, wata safiya aka busa usur na duba kaya. Sajan ta laluba ƙarƙashin matashi, ta zazzage akwati, babu hularta. Ita ba ta da gargaɗi ko ɗaya, amma tsoro ba ya lissafi. Ga hular 'Yar Tela rataye a ƙusa, mai ita tana banɗaki. Ta miƙa hannu ta ɗauka, ta fita da gudu.

A fili, tana jin malamin fareti ya tsaya a layin bayanta yana tambaya, "Ke, ina hularki?" Tana jin shirun da ya biyo baya. Ba ta juya ba. Kafin azahar 'Yar Tela ta fice da akwatinta a ka. Kwana biyu bayan haka hular Sajan ta fito daga bayan katifa.

Ta sami aiki, ta sami igiya uku ta sajan a hannu, ta yi aure ta haifi biyu. Ta san 'Yar Tela ta buɗe shagon ɗinki a bakin kasuwa, shi ya sa kullum take zagaye ta doguwar hanya, mijinta yana tsokanar ta wai ƙaunar shan mai take. Kunya ce ke cin ta, kuma ta san kunya ce.

Sai bana aka ba ta duba kurata. Ran nan ta tarar da wata yarinya a layi, kai babu hula. Sajan ta ɗaga biro za ta rubuta, hannu ya ƙi. Da aka tashi, ta buɗe ƙasan akwatinta ta ɗauko tsohuwar hular, ta nufi kasuwa.

'Yar Tela tana kan keke, ta yi ƙiba, ga tabarau a hanci. Ta dube ta sama da ƙasa.

"A'a, yau hukuma ce a shagona? Me muka yi?"

"Yaya, ni na yi." Ta ajiye hular a kan teburin. "Taki ce. Ni na ɗauka ranar nan."

'Yar Tela ta juya hular, ta shafa wani ɗan ɗinki na koren zare a bayanta.

"Ai na sani. Baƙin zare ya ƙare mini na sa wannan. Kina gabana a layi, ga ɗinkina a ƙeyarki, ina kallo."

Sajan ta ce, "To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa a ce ke ɓarauniya ce? Sata ai kora ce nan take, har da rubutu a takarda. Wa zai sake ɗaukar ki aiki?" Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Ni dai na ɗauka za ki juyo. Gargaɗi ɗaya kawai za a ba ki, na farko ma. Wallahi har na kai bakin ƙofa da akwatina ina waiwaye."

'Yar Tela ta tura wa Sajan hular, ta mayar da ƙafa kan keke.

"Ɗauki abarki. Ni na daina waiwaye tuntuni."