Mintocin da Kawu Sama'ila ya jira

Warin sifirit da yajin ɗanyar albasa. Har yau idan su biyun suka haɗu a hancina, ko a kasuwa ko a bakin wani kemis, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na Wurno, wata Laraba bayan la'asar, ina kwance igiya daga bayan babur. Shekara bakwai ke nan cif. Kawuna Sama'ila, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu, ya dawo daga Goronyo da rabin buhun albasa da dangin wata mara lafiya suka ɗaura masa dole. Ya ce kansa na sarawa, zai ɗan kishingiɗa kafin magariba. Na zauna a gefen tabarmar ina tsinke ganyen albasar, ina jiran ya tashi in ba shi labarin jarrabawata. Bai tashi ba. Likita ya ce hawan jini ne. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu nas ne, amma aikinsa a ɗakin tiyata yake. Shi ke sa mutum barci kafin a yi masa aiki, ko ya yi masa allurar baya ta kashe rabin jiki, sannan ya tsaya a wajen kansa yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama. A wajenmu kowa yakan riƙe sunan likitan da ya yi masa aiki. Wanda ya tsaya a wajen kai kuwa, da wuya a tuna ko da fuskarsa, domin ana ganinsa ne ido na lumshewa.

Su uku ne masu wannan aiki da suka haɗa kai: shi, da abokinsa Malam Bello, da Sista Rabi. Ƙananan asibitocin kuɗi na Wurno da Rabah da Goronyo babu wanda zai iya riƙe mai sa barci nasa na kansa, don haka su ukun suke zagayawa, duk inda aka kira wanda ke kusa ya je. Ƙarshen wata su zauna a zaurenmu, in kai musu ruwa, su zube abin da asibitocin suka biya su raba uku daidai. Ba na tuna an taɓa tambayar wa ya fi wani yawan aiki. Abin da nake tunawa shi ne gunaguninsu a kan jinkirin biya, don wani asibitin sai ya kwashe wata uku yana cewa a yi haƙuri.

Kawu yana da wata al'ada tasa. Kafin ya sa wa mutum magani, sai ya sunkuya ya tambaye shi a hankali: "In ka falka, wa za ka fara biɗa?" Wani ya ce uwarsa, wata ta ce autanta. Wani tsoho daga Kwargaba, in ji Kawu, ya ce bijiminsa, kuma da gaske yake. Idan aka gama ɗinki, likita ya cire safar hannu ya fita, Kawu ba ya motsawa. Yakan jawo kujera ya zauna har sai mutumin ya buɗe ido ya kira sunan nan da bakinsa. A lokacin ne yake duba agogo, ya buɗe rajista, ya rubuta a gurbin da aka ce "lokacin gamawa". Abokan aikinsa lokacin ɗinkin ƙarshe suke rubutawa a gurbin, su bar mara lafiya a hannun nas ta ɗakin kwanciya. Ba laifi suke yi ba, haka aka saba a wurare da yawa. Shi dai a wurinsa aiki bai ƙare ba tukuna, kuma ba zai rubuta ya ƙare ba.

Na taɓa tambayarsa, ina yarinya, me yake tunani a duk tsawon zaman nan. Na zaci zai ce mini wani abu mai zurfi, don ni a raina mutanen nan tafiya suke yi can wata ƙasa mai ruwa da inuwa, shi kuma yana tsaye a bakin gaɓa da fitila. Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ke dai da mafarki. Harshe nika tsaro, kar ya koma baya ya toshe maƙoshi."

Shekara biyu kafin rasuwarsa kamfanin ya zo. Ba zan kira sunansa ba. Wasu mutane ne daga birni, masu fara'a da takalma masu sheƙi, suka ce za su ɗauke wa su Kawu wahalar bin asibitoci. Kamfani zai ƙulla kwangila da asibitocin, ya kawo magunguna da tukwanen iskar numfashi da sabuwar na'urar duba bugun zuciya, ya karɓi kuɗi, shi kuma ya biya su kowane wata ba fashi. Gaskiya ita ce sun kawo kayan, kuma albashi ya daina makara. Ba zan hana su wannan ba. Sai dai daga ranar aka daina zama a zaurenmu. Kowa saƙonsa ke shigowa ta waya, kuma a takardar da suka sa wa hannu akwai layin da ya hana su gaya wa juna abin da kowa ya samu. Tun a lokacin, da ƙuruciyata, layin nan ya tsaya mini a rai. Mutanen da suka shekara goma suna raba kuɗi a kan tabarma ɗaya, mene ne amfanin wani a cikin su daina sanin na juna?

Malam Bello ne ya kawo kamfanin, shi ne kuma aka naɗa mai kula da shiyya. Shi ke tattara rajistocin asibitocin duk ƙarshen wata ya kai birni.

Sabon tsarin biya bisa kai ne. Kowane mara lafiya da kuɗinsa, ko aikin ya ɗauki rabin awa ko awa uku. Wanda ya tashi da wuri ya kama hanyar Marnona ya riski wani aikin a gari na gaba, shi ke da riba. Kawu kuwa yana kan kujera yana jiran wata baiwar Allah ta kira sunan autanta. Wata na farko ya ga abin da ya shigo masa ya ragu. Inna Luba, matarsa, ta fara rage nama a miya, ni kuma aka ɗage mini sayen wasu littattafai zuwa wani zangon.

Sai takardar ta zo. Na same ta ne bayan rasuwarsa, a ninke huɗu cikin aljihun rigar da ya dawo da ita daga Goronyo, ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Da Turanci aka rubuta ta, cikin ladabi. An ce an duba rajista an ga ayyukansa sun fi na kowa daɗewa, jinkirinsa yana jawo wa kamfani asara, don haka za a riƙa cire wani kaso daga abin da ake ba shi har sai ya gyara. Watanni biyar takardar ta yi a aljihunsa. Bai nuna wa Inna ba. Abin da kawai ta lura da shi, ya fara karɓar kiran da a da yakan bar wa wasu, har ranar Juma'a, har lokacin da ruwa ya ɓata hanyar Rabah. Zaman jiran ne dai bai rage ko minti ɗaya daga cikinsa ba, kuma bai canza abin da yake rubutawa ba.

Ban ce takardar ce ta kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare, na sani, na kuma yarda. Abin da ya hana ni sakewa shi ne kalmar nan, jinkiri. Mutumin da ban taɓa ganin an kira shi ya tsaya ƙarasa abincinsa ba ya bar duniya da shaidar cewa shi nauyi ne a kan abokan aikinsa. Ina jin ya yarda da hakan, shi ya sa ya ɓoye takardar.

Zargina kuwa a kan Malam Bello ya sauka, kuma ya daɗe a can. Duk shekara idan watan rasuwar ya zagayo yakan zo da shinkafa da sukari, ya zauna a zauren da suka saba zama, ya yi addu'a mai tsawo. Ni ke kai masa ruwa. Ina kallon hannuwansa, ina kallon motar da ya saya a shekarar da kamfani ya zo, ina lura da yadda idonsa ba ya sauka a kan babur ɗin Kawu da ke jingine a lungu. A shekara ta huɗu na kasa daurewa. Na durƙusa na ajiye takardar a gabansa.

"Baba Bello, wa ya rubuta wagga?"

Ya dube ta bai taɓa ba. "Can birni anka rubuta ta. Ni dai an ba ni in kawo."

"Kun san abin da ke ciki?"

"Na sani. Sau nawa nic ce mai, Sama'ila, rubuta lokacin ɗinki kamar kowa, ka zauna zamanka in kana so, wa zai gani? Sai ya ce shi ba ya rubuta mutum ya gama alhali bai san sunan uwa tai ba." Ya share fuska da hannun riga. "Kawunki akwai taurin kai, Allah shi gafarta mai."

Na so in yarda da shi gaba ɗaya. Muryarsa ta mai gaskiya ce. Amma na tashi ina tambayar kaina me ya sa shawararsa ta tsaya a kan Kawu ya canza rubutu, bai taɓa hawa motar nan tasa ya je birni ya ce musu ga abin da mutumin nan yake yi a cikin mintocin ba. Har yau ban san amsa ba. Wataƙila tsoro ne. Wataƙila shi ma yana da nasa kason a cikin shirun. Ina gaishe shi da ladabi, ina karɓar sukarinsa, zuciyata kuma tana tsaye a bakin ƙofa.

Yanzu irin kamfanonin nan sun yawaita. Sista Rabi, wadda ta bar aikin ta buɗe ɗan shagon magani a Rabah, ta ce mini rajistar takarda ma ta kusa ɓacewa. A waya ake latsawa, an fara, an gama, saƙo ya tafi birni nan take. Nakan yi tunanin Kawu da irin wayar nan a hannu, babban yatsansa a saman wurin latsawa, yana kallon fuskar wani manomi daga Maikujera. Na san ba zai latsa ba. Abin da ban sani ba shi ne ko za su bar shi ya kai wata uku. Kuma duk sanda na ji talla ana cewa an zo ne don a sauƙaƙa wa ma'aikatan lafiya, sai in ji ina son in tambaya, wa ke ganin takardun biyu a lokaci ɗaya, wadda asibiti ya biya da wadda ma'aikaci ya karɓa?

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. Babur ɗin ya yi tsatsa. Akwai mutanen da idan suka ji daga gidan da na fito sai su ce, "Wanga da ka tambayar suna?" Wata mata a motar Goronyo ta riƙe hannuna tun daga tasha, ta ce fuskarsa ce ta fara gani bayan an ciro mata tagwaye, kuma bai bar ta ba sai da ta ce Hassana. Da wannan nake rarrashin kaina duk shekarun nan, cewa ko da ya jawo wa wasu asara, ya bar wa wasu abin tunawa.

Bara aka yi wa Inna Luba aiki a ciki, a ɗaya daga cikin asibitocin da Kawu ya yi wa hidima a Goronyo. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Yaron kirki ne ya sa ta barci, amma kafin a turo ta ɗaki ya riga ya kama hanya, ana jiransa a Wurno. Ni na zauna a wajen kanta. Da ta buɗe ido, Sama'ila ta kira.

Ranar sallama na je biyan kuɗi wurin akawun asibitin, wani dattijo mai tabarau da ya san Kawu tun kafin a haife ni. A takardar na ga an ware kuɗin sa barci daban, an rubuta mintoci a gefensa. Na tambaye shi ko sabon tsari ne.

"Ina fa sabo," ya ce. "Tun ranar da kamfanin ga ya zaka haka muke da su. Da minti suka cajin mu, daga lokacin farawa zuwa lokacin gamawa, yadda anka rubuta cikin rajista."

Na ce ai bisa kai suke biyan ma'aikatansu.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan tsakaninsu na. Mu dai minti muka biya." Ya ci gaba da buga hatimi, sannan ya ƙara, kamar mai ba ni labarin da zai faranta mini rai, "Ai na kawunki sun fi na kowa tsada. Mai asibiti har ƙorafi yakan yi, amma ya biya, don mutane shi suka so. Bayan ya rasu manajansu da bakinai ya ce man sun yi rashin wanda ya fi kawo musu kuɗi a duk shiyyar ga."

Na karɓi rasit na ninke shi huɗu. A gida na ajiye shi tare da waccan takardar da ta ce jinkirinsa asara ne. Duk mintin da Kawu ya zauna yana jiran wani ya kira sunan uwarsa, an sayar da shi, da rubutun hannunsa aka yi lissafin, kuma a kan mintocin nan ne aka yanke masa albashi.